Tsakanin Majnuni da Ma'atuhi: Sharhi kan Kalmomin Taɓin Hankali a Dokar Laifuka ta Shari'a ta Jihar Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan lafazin da Dokar Laifuka ta Shari'a ta Jihar Zamfara ta yi amfani da shi wajen ɗauke alhakin laifi daga wanda hankalinsa ya taɓu. An bi salsalar lafazin zuwa tushensa, an auna shi da isɗilahin malaman fiƙihu da usulu, sannan an gwada shi a kan matasan Anka da Bukkuyum da suka tsira daga annobar gubar dalma ta 2010. Sakamakon da aka kai gare shi shi ne cewa dokar ta ɗauko kalmar mukallafi daga fiƙihu, amma ta bar ma'aunin hankali a hannun dokar Ingila ta ƙarni na 19. Ta haka darajojin da malamai suka rarrabe suka dunƙule cikin lafazi ɗaya, wanda a bakin kotu yake komawa "hauka".

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya rataya umurni da hani a kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun ranar 27 ga Janairu, 2000, da Dokar Laifuka ta Shari'a ta fara aiki a Jihar Zamfara a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, alƙaluma ba su huta ba a kan babin haddi. Masu yabo da masu suka duk a can suka taru: yanke hannu, bulala, jifa. Ko da aka sabunta dokar a 2005 bisa daftarin da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya ta daidaita, hankalin jama'a bai gusa daga nan ba. Amma akwai tambayar da ta riga haddi, wadda idan aka kuskure amsarta haddin kansa yakan koma zalunci: wane ne ake tsayar wa hukuncin? Da wannan tambaya malaman fiƙihu suke buɗe babin. Shaihu Khalil a Mukhtasar bai shiga hukuncin jini ba sai da ya sharɗanta cewa mai ɓarnar mukallafi ne, haka kuma ya yi a babin zina.

Abu biyu suka sa ake ɗaga wannan mas'ala yanzu. Na farko, a watan Janairun 2023 aka bayyana sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin Dokar Mahaukata ta 1958. Wannan gyara ya shafi jinya da haƙƙin majinyaci, bai taɓa lafazin dokokin laifuka na jihohi ba. Na biyu, yaran ƙauyukan Anka da Bukkuyum da gubar dalma ta shiga jininsu a 2010 sun balaga. Wasunsu za su tsaya gaban alƙali, ko ana tuhumar su ko an zalunce su, kuma da wannan lafazi za a auna su.

2.0 Daga Ina Lafazin Ya Fito?

Dokar Zamfara ta fara babin alhakin laifi da abin yabo. Ta kafa ƙa'idar cewa babu alhaki sai a kan mukallafi, ta kuma bayyana mukallafi da cewa shi ne mai cikakkiyar cancanta ta addini da ta doka. Wannan harshen fiƙihu ne tsantsa. Sai dai da ta zo fayyace wanda hankalinsa ke fitar da shi daga alhaki, sai ta rufe littafin fiƙihu ta ɗauko ma'aunin sashe na 51 na dokar Final Kod. Taƙaitaccen ma'aunin shi ne: aiki ba ya zama laifi idan a lokacin aikata shi rashin lafiyar hankali ta hana mai shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin kuskure ne ko ya saɓa wa doka.

Wannan ma'auni yana da salsala sananniya. An zartar da Final Kod a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, bayan shawarar kwamitin masana shari'a na 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Sashe na 51 kuwa kwafi ne na sashe na 84 na dokar laifukan Indiya ta 1860, shi kuma ya samo asali daga ƙa'idojin M'Naghten na 1843. A waccan shekara wani mutum mai suna Daniel M'Naghten, wanda ruɗu ya sa yake ganin ana farautar rayuwarsa, ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Minista Robert Peel. Kotu ta wanke shi saboda taɓin hankali, jama'a suka harzuƙa, Majalisar Dattawan Birtaniya ta kira manyan alƙalai ta yi musu tambayoyi, amsoshinsu suka zama ƙa'ida. Wato ma'auni ne da aka ƙera cikin fushi domin a ƙuntata ƙofa, tun kafin ilimin ƙwaƙwalwa ya kafu.

Sauran kalmomin da muka gada daga wannan gida sun fi muni. Dokar Mahaukata ta 1958, wadda ta tsiro daga ta 1916, ta kira majinyaci lunatik, kalmar da tushenta sunan wata ne a harshen Latin, bisa tsohon camfin cewa wata ne ke motsa ciwon. A ƙarƙashinta gidajen yari suka riƙa ajiye mutanen da ba su da laifin komai sai rashin lafiya. Sashe na 221 na dokar laifuka ta Kudancin Nijeriya ya ambaci mace mai raunin hankali da kalmomi biyu da ba su da fassara a Hausa sai "gaɓuwa" da "doluwa", ya kuma yanke wa wanda ya afka mata ɗaurin shekara 2 kacal.

A nan wata matsala ta biyu ke shigowa. Da Turanci aka rubuta dokar, amma a kotunan Anka da Gummi da Bukkuyum da Hausa ake shari'a. Lafazin "rashin lafiyar hankali" ba ya wuce bakin magatakarda sai ya koma tambaya guda: yana da hauka? Shi kuwa mahaukaci a kunnen Bahaushe sananne ne: mai tsumma, mai kwana a bola, wanda yara ke bi da jifa. Duk wanda bai kai nan ba, lafiyarsa ƙalau.

3.0 Abin da Fiƙihu Ya Rarrabe

Asalin babin shi ne hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya gushe. Abin lura shi ne yadda riwayoyin suka ambaci na ukun. A wasu an kira shi majnuni. A riwayar Tirmizi daga Sayyidina Aliyu an kira shi ma'atuhi. A riwayar Abu Dawuda daga Nana A'isha an kira shi mubtala, wato wanda aka jarraba, aka kuma sanya warkewa ta zama iyakar uzurinsa, abin da ke nuna cuta ce kamar sauran cututtuka. Abu Dawuda ya ambaci wata hanya da ta ƙara kharif, tsohon da gigin tsufa ya kama, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta. Ko da an ɗauki wannan saɓani a matsayin riwaya da ma'ana, yana nuna cewa magabata sun rataya hukuncin ne a kan illarsa, wato gushewar fahimtar da taklifi ke tsayuwa a kanta, ko da wane suna aka kira ta. Alƙur'ani ma a ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, ya jero mutum uku da waliyyi ke tsaya musu: safihi, da mai rauni, da wanda ba ya iya yin shifta da kansa.

Malaman usulu, musamman Hanafiyya, suka gina babi guda a kan wannan, wanda suka kira awaridul ahliyya, abubuwan da ke bijiro wa cancantar mutum. Bazdawi, wanda ya rasu a 482 B.H., da mai sharhinsa Abdul'aziz al-Bukhari a Kashful Asrar, sun ware hauka daban, atahu daban, suma daban, mantuwa daban, maye daban, wauta da dukiya daban, kowanne da hukuncinsa. Daraja uku suka fi shafar maganarmu. Akwai majnuni muɗbiƙi, wanda ciwon ya mamaye lokacinsa duka. Akwai wanda ciwon ke zuwa yana tafiya, wanda a lokacin farfaɗowarsa hukuncin mai hankali ne a kansa. Sai ma'atuhi, wanda aka siffanta da ƙarancin fahimta da cakuɗewar magana, wani sashenta kamar na masu hankali wani sashen ba haka ba, ba ya iya tsara al'amarinsa, amma ba ya duka ba ya zagi. Shi suka ba hukuncin yaro mai wayo. Majallatul Ahkam ta Daular Usmaniyya, wadda aka tsara tsakanin 1869 da 1876, ta zuba wannan rabe-rabe cikin sassa masu lamba: na 944 da 945 sun yi bayanin majnuni da ma'atuhi, na 978 zuwa 980 sun faɗi hukuncinsu. Ke nan shigar da waɗannan darajoji cikin rubutacciyar doka abu ne da aka riga aka yi.

Gaskiya ne Malikiyya, waɗanda mazhabarsu kotunanmu ke bi, ba su tsawaita rabon kamar Hanafiyya ba, sau da yawa sukan haɗa ma'atuhi da majnuni a hukunci ɗaya. Amma a babin haddi da ƙisasi wannan haɗawa ma'anarta fitar da shi daga uƙuba, don haka hanyoyin biyu a masauki ɗaya suke sauka. Sun kuma yi wasu rabe-raben nasu. Ibn Abi Zaid a Risala ya bambance mai maye da majnuni: na farko idan ya yi kisa ana kashe shi, na biyu diyya ce a kan aƙilarsa, wato dangin da ke ɗaukar masa diyya. A Muwaɗɗa, Marwan bn Hakam ya rubuta wa Mu'awiya game da majnunin da ya kashe mutum, amsa ta zo cewa a tsare shi, kada a yi masa ƙisasi. Wanda ya yi kisa da hankalinsa sannan ciwo ya same shi, ana jiran farfaɗowarsa. Idan kuwa aka rasa gane ko cikin ciwon ya yi kisan ko cikin farfaɗowa, wasu Malikiyya sun ce ƙisasi ya faɗi, diyya ta tabbata.

Sai kuma aikin alƙali. Lokacin da Ma'izu ya zo yana iƙirarin zina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya tambaya ko yana da taɓuwa, ya tambaya ko ya sha giya har wani ya shaƙi bakinsa, ya kuma aika wa mutanensa a ji ko sun san wani abu game da hankalinsa, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. A zamanin Sayyidina Umar an kawo wata mata da aka yanke wa jifa, Sayyidina Aliyu ya dakatar da hukuncin. A ɗaya daga riwayoyin Abu Dawuda ya kira ta ma'atuhar wata ƙabila, ya ce mai yiwuwa wanda ya zo mata ya same ta ne cikin ciwonta. Umar ya ce bai sani ba, Aliyu ya ce shi ma bai sani ba. Rashin sanin nan shi ya cece ta.

4.0 Inda Lafazin Dokar Ya Gaza

Idan aka ɗora wancan ma'auni na aro a kan wannan gado, giɓi huɗu ne ke bayyana.

Na farko, dokar tana karo da kanta. Ta ce alhaki na mai cikakkiyar cancanta ne. Ma'atuhi cancantarsa tauyayyiya ce, don haka da wannan ƙa'ida ba mukallafi ba ne. Amma idan aka tambaye shi ko sata kyau gare ta, zai ce a'a, kamar yadda yaro ɗan shekara 8 zai ce. Da ma'aunin sashe na 51 ke nan ya san kuskure, uzurinsa ya faɗi. Ƙofa ɗaya ta fitar da shi, ɗaya ta mayar da shi, dokar kuwa ba ta gaya wa alƙali wadda zai bi ba.

Na biyu, ma'aunin ya tsaya a kan sani, ya yi shiru game da ikon mallakar kai. Abdulƙadir Auda a littafinsa At-Tashri'ul Jina'il Islami ya nuna cewa alhakin laifi a Shari'a yana tsayuwa ne a kan ƙafa biyu, fahimta da zaɓi. Akwai majinyacin da ya san abin da yake yi haramun ne, amma muryar da yake ji a kansa ta rinjaye shi. Akwai mai jegon da ciwon bayan haihuwa ya juya mata tunani har ta cutar da jaririnta. Sashe na 28 na dokar Kudu ya ambaci ikon mallakar kai, ya kuma ambaci raunin hankali na halitta. Ko dokar Sudan ta 1925, wadda aka yi koyi da ita wajen tsara Final Kod, ta ambaci wannan iko. Abin mamaki ne a ce dokar da aka jingina wa Shari'a ta fi waɗannan ƙunci a wurin da Shari'a ta yalwata.

Na uku, cewa aikin "ba laifi ba ne" ya haɗiye wani bambanci da usulu ya tsare, tsakanin hukuncin taklifi da hukuncin wada'i. Zunubi da uƙuba suna faɗuwa daga majnuni, amma jini da dukiyar mutane ba sa faɗuwa. Idan ya ƙone rumbun maƙwabci, akwai ramuwa a dukiyarsa. Idan ya kashe rai, akwai diyya a kan aƙila. Lafazin aro bai ce komai a kan wannan ba. Dangin mamacin da suka ji an ce "babu laifi" sukan fita kotu da ganin an zubar da jininsu a banza, kuma daga irin wannan fita ramuwar gayya ke tsirowa.

Na huɗu, kalmar kanta tana korar mai haƙƙi daga haƙƙinsa. A tsarin da muka gada, wanda ake tuhuma shi ke da nauyin tabbatar da ciwonsa. Amma wane uba ne zai miƙe a zauren kotu, gaban mutanen garinsu, ya ce ɗansa mahaukaci ne, alhali yana da 'yan mata a gida da ke jiran manema? Mutanenmu sun ɗauki hauka abin gado, abin da ake bincikawa kafin aure. Sai uban ya ce yaron lafiyarsa lau, shiru-shiru ne dai, ba ya riƙe karatu. Ya tsare sunan gida, ya sallama ɗansa. Idan kuma an amsa sunan, abin da ke biyo baya tsarewa ce wadda ƙarshenta ke hannun hukuma, sai a ga an gudu daga gara an faɗa gidan zago.

5.0 Gwaji a kan Yaran Anka da Bukkuyum

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar yara a wasu ƙauyukan yammacin Zamfara. Bincike ya gano cewa duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar ta bi ƙasa da abinci ta shiga jikin yara. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a Ƙaramar Hukumar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu. A binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta jagoranta a Dareta da 'Yargalma, an samu yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka gwada jininsu gubar ta kai matakin da ke buƙatar maganin fitar da ita. Bagega ba ta samu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013.

Maganin yana rage dalma a jini, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa illar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta komawa: raguwar basira, gajeren natsuwa, wahalar koyo, sauyin ɗabi'a. Yaran da ba su kai shekara 5 ba a 2010, a 2025 shekarunsu tsakanin 15 ne da 20.

Wajibi ne a yi hattara a nan. Zalunci ne a ɗauka duk wanda ya tashi a waɗannan ƙauyuka hankalinsa ya tauye, ko a riƙa kallon su da idon tuhuma. Illar tana da darajoji, kuma ba a san matsayin mutum sai an duba shi shi kaɗai. Abin da ake cewa shi ne, wanda gubar ta yi wa mummunar illa, siffarsa ita ce siffar ma'atuhi kamar yadda malamai suka zana ta. Yana sallah, yana zuwa gona, yana gaida mutane. Ba wanda zai kira shi mahaukaci, shi ya sa dokar ba ta ganin sa.

A ƙaddara saurayi irin wannan a yankin da 'yan bindiga suka addaba. Wani mai wayo ya ba shi ƙunshi ya ce ya kai bakin daji, aka kama shi. Aka tambaye shi, ya amsa duk abin da aka ɗora masa, domin mai raunin fahimta yakan ce "e" ga wanda ya fi shi murya. Iƙirarin wanda ba mukallafi ba ba ya zama hujja a fiƙihu, amma wa zai ɗaga maganar? A ƙaddara kuma budurwa irin wannan da wani ya yaudara ta samu ciki. A mazhabar Malik bayyanar ciki ga wadda ba ta da miji hujja ce ta zina, sai in ta kawo abin da ke nuna tilas. Idan tambayar da za a yi ita ce "tana da hauka?", danginta za su ce a'a, wadda aka zalunta ta koma wadda ake tuhuma. Wannan ita ce mas'alar da Aliyu ya tsayar a gaban Umar, kuma kalmar da ta cece ta a can babu ita a dokarmu.

6.0 Abin da Za a Iya Cewa

Wani zai ce faɗaɗa wannan ƙofa zai ba kowane mai laifi mafita, musamman a wannan zamani na ƙwayoyi. Tsoron yana da tushe. Indiya, inda muka aro lafazin, ta gwada sauya shi a 2023: daftarin farko na sabuwar dokar laifukanta ya sanya "ciwon ƙwaƙwalwa" a madadin tsohon lafazin, kwamitin majalisa ya ga kalmar ta yi faɗi har za ta iya ɗaukar sauyin yanayin rai da maye na ganganci, aka koma wa tsohon. Darasin shi ne sunan cuta daban, hukuncin cancanta daban. Mutum na iya fama da ciwon damuwa ko farfaɗiya alhali taklifinsa cikakke ne. Likita ma'abocin ƙwarewa ne da ake tambaya, alƙali ke yanke hukunci. Shi kuwa wanda ya gusar da hankalinsa da gangan, Risala ta riga ta rufe masa ƙofa. Darajojin fiƙihu sun fi lafazi ɗaya tsauri, domin kowace daraja tana da siffarta da iyakarta.

Wani kuma zai ce majnuni kalmar Alƙur'ani ce, me ya sa za a ƙyamaci fassararta? Duk inda kalmar ta zo a Alƙur'ani, ko dai jifa ce ta masu ƙaryata annabawa ko kuwa kore wannan jifa ce. A littattafan fiƙihu isɗilahi ce mai iyaka, ba wanda ke neman a goge ta daga can. Amma "mahaukaci" a kasuwar Gummi zagi ne, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi umurni da kyakkyawar magana ga safihai. Amurka ta goge kalmar lunatik daga dokokin tarayyarta a 2012, Kanada ta sauya lafazin hukuncin tun 1992. Mu muna da dalilin da ya riga nasu. Sai dai idan gyaran ya tsaya a kan kalma, ma'aunin yana nan yadda yake, an canza wa tuwo suna ne kawai.

7.0 Shawarwari

1. Majalisar Dokokin Jihar Zamfara ta sake rubuta sashen, ta ambaci daraja uku a sarari: gushewar hankali mai ɗorewa, gushewar hankali mai zuwa tana tafiya, da raunin hankali, wato atahu, ko na halitta ne ko na cuta ko na tsufa.

2. A ƙara rashin ikon mallakar kai a kan rashin sani, a kuma ware maye na ganganci.

3. A faɗi cewa abin da ke faɗuwa shi ne haddi da ƙisasi, ramuwa da diyya suna nan, a kuma fayyace wanda zai ɗauka idan babu aƙila, kamar yadda malamai suka mayar da ita ga baitulmali.

4. A wajabta wa alƙali bincikar hankalin wanda ake tuhuma kafin karɓar iƙirari a haddi ko ƙisasi, ko da ba wanda ya roƙa, ya nemi ra'ayin likita daga Gusau ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware idan alama ta bayyana.

5. A samar da matanin Hausa na hukuma, wanda malaman fiƙihu da na harshe da likitoci za su zauna a kansa, a bar "mahaukaci" da "gaɓo" da "dolo" a waje.

6. Tsarewa ta zama ta jinya da kariya, a asibiti, kotu na sake duba ta a kan ƙayyadadden lokaci, domin hukunci yana gushewa da gushewar illarsa. Umurnin Mu'awiya ba hujja ba ne ga gidan mari.

7. Ma'aikatar Lafiya ta adana bayanan yaran da aka yi wa maganin dalma cikin sirri, yadda kotu za ta iya neman su idan buƙata ta taso.

8.0 Kammalawa

Waɗanda suka tsara dokar a 2000 sun yi aiki cikin ƙurarren lokaci, kuma shigar da ƙa'idar mukallafi da suka yi ita ce ta ba mu madogarar wannan gyara. Abin da ya rage shi ne a kammala abin da suka fara, a sa ma'aunin hankali ya dace da ƙa'idar da ke samansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Nauyin farko a kanmu yake, mu masu karantar da usulu, domin alƙalan gobe a azuzuwanmu suke zaune, kuma babin awaridul ahliyya da muke wucewa da sauri a ƙarshen zango shi ne zai yanke makomar wani yaro daga Dareta ko 'Yargalma. Allah ne Mafi sani.